Mai Rediyo da Ɗaki na Hamsin

Kullum da hantsi Mai Rediyo yakan buɗe shagonsa na gyaran rediyo, ya jera kayan aiki, sannan ya yaye ƙyallen da ke kan wata tsohuwar na'urar wasa mai tsayin mutum, ya goge mata fuska, ko da yake ta daɗe da mutuwa. A makon nan ya ajiye aiki bayan shekara talatin, domin idanu sun gaji. Bai kamata ya tafi shiru ba.

Na'urar ta gidan wasannin unguwa ce da aka rushe. Wasan tubali ne a cikinta: ana tura tubala masu launi har uku iri ɗaya su haɗu su ɓace, kowane mataki ana kiransa ɗaki, ɗaki bayan ɗaki har hamsin. Ranar da ya buɗe bayanta, tun tana aiki, ya ga cikinta ya fara ƙonewa, ga shi an daina ƙera kayanta, sai ya ƙudura zai sake gina wasan a kwamfutar gida kafin ta tafi da shi. Ya sayi littafin lissafi mai gida-gida, yana duban allo yana zana kowane ɗaki, tubali bayan tubali.

Sai dai ɗaki ba ya bayyana sai an ci wanda ke gabansa, shi kuwa bai taɓa wuce na tara ba. Dole ya je ya roƙi yayarsa, tela, wadda a ƙuruciyarta babu mai karawa da ita a wasan.

"Da jikokina bakwai za ka tsayar da ni gaban akwatin yara?" in ji ta.

"Yaya, ke kaɗai kika taɓa ganin na hamsin."

"To matsa, mai hannu kamar guduma."

Na'urar kuwa da ta yi zafi sai ta ɗauke, a koma farko. Wata biyu suna wannan fama. Ranar ƙarshe matarsa ta tsaya da mahuci tana fifita na'urar, mai aski ya kawo fankarsa, maƙwabta suka cika ƙofa. Ƙaurin waya ya tashi daidai lokacin da ɗaki na hamsin ya bayyana.

"Ja, ja, kore, shuɗi," Yaya tana faɗa. "Rubuta, ba kallona za ka yi ba!"

Saura layi ɗaya allon ya yi baƙi, kuma bai sake kamawa ba. Sai Yaya ta rufe ido, ita da ke haddace zanen atamfa da gani ɗaya, ta jero layin tsaf.

Shekara guda ya yi yana koya wa kwamfuta abin da ke littafin. Da ya gama, Yaya ta zauna ta buga har ƙarshe, ta cire tabarau ta ce, "Shi ne. Ban yi zaton za ka iya ba."

Mai Rediyo, kai ne ka raba wasan nan kyauta, har ya shiga gidajen da ba ka san ƙofarsu ba, kuma ba ka sa sunanka a kai ba. Sunan yayarka ka sa. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanunka haske. Duk mai wani tsohon abu da ya fara ƙauri a kusurwarsa, ya nemi littafi da fensir tun allon yana kamawa.