Garejin Da Kotu Ta Rufe A Ras Al Khor

Jama'a, wallahi wannan da ni ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aiki a Dubai, ni ne tafintan wani Balarabe ɗan ƙasar, jami'in kotu mai zartar da hukunci, in an ce a rufe waje ko a buɗe, tare muke zuwa.

Akwai wani gareji a Ras Al Khor da magada ke shari'a a kansa, mu da kanmu muka garƙame shi muka buga hatimin kotu, sai bayan watanni alƙali ya ce a buɗe. Da azahar muka je, rana kamar ta dafa mutum, hatimi na nan lafiya lau, kuma ƙofar ɗaya ce tal, ko taga babu.

Muna ɗaga ƙofa wani sanyi ya buge mu. Can ciki kuwa ga wani dattijo zaune kan taya da kayan makanikai, yana kurɓar shayi, har tururi yake.

Na yi sallama. Ya amsa da Hausa tangaran, ya ce, "Ɗana, yaya jikin Inna? Ka kira gida mana."

Innalillahi! Ni da na san mahaifiyata garau take. Na waiga in ga ko ogana ya ji, na tarar ya daskare, gumi na zuba. Kafin in juyo babu dattijo, sai kofi a ƙasa, na taɓa, da zafinsa.

Oga ya ce, "Khalas, yalla!" wato shi ke nan, mu tafi. Muka ja ƙofa muka fice.

A mota na kira Kano. Ƙanwata ta ɗauka tana kuka, wai Inna ta yanke jiki ta faɗi ɗazu, suna hanyar asibiti. Da ikon Allah ta tashi, amma fa ta sha jinya.

Ina ajiye waya oga ya juyo gare ni. Ya ce, "Habibi, a ina tsohon nan ya san sunan matata?"

Na ce ai Hausa ya yi, kuma ni ya yi wa magana.

Ya kalle ni ya ce, "Larabci ya yi. Larabcin ƙauyenmu."

Bai faɗa mini abin da aka ce masa ba, ni ma ban tambaya ba, washegari dai ya ɗauki hutu, ban sake ganinsa a kotun ba.

Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Don Allah, duk wajen da ya daɗe a rufe, kada ku faɗa kai tsaye. Ku yi addu'a tukuna.