Fayil Na Arba'in da Bakwai

Saley ɗan Damagaram ne, shekara goma sha ɗaya ke nan yana Lyon yana sa wa mutane hula. Haka yake faɗa in an tambaye shi aikinsa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Hular roba ce mai wayoyi sittin da huɗu. A kafa ta a kan mai ciwon schizophrénie, ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyin da babu masu su, na'ura ta zana motsin ƙwaƙwalwarsa layi-layi. Sauran aikin shara ne. Ƙifta ido, haɗiye yawu, cije haƙora, duk suna shiga zanen su ɓata shi, Saley ya bi ya goge. Magana kuwa ba ta dame shi ba, a bas ɗin unguwarsu ta Vaulx-en-Velin ko gaisuwa sai ka jawo ta daga bakinsa.

Yana da ƙane, Chaibou, wanda ya zo karatu Paris, ciwon ya kama shi a ɗakinsa na Sevran. Shekara shida da suka wuce aka tsamo gawarsa daga kanal, hanyar ruwan da ta ratsa unguwar. Ko faɗawa ya yi ko santsi ne ya kwashe shi, Allah masani. Tun daga ranar Inna take da tambaya guda, kowace Juma'a a waya: "Saley, yaron nan ya tafi yana tuna Allah kuwa?" Shi kuma ya ce in sha Allahu, ya sauya zance. Wallahi tsoron Juma'a yake ji.

Bana Madame Inès, shugabar bincikensu, ta haɗa awon Lyon da wani tsohon awo na Paris, abu ya ƙi haɗuwa. A zanen marasa lafiyar Paris, layukan da ke tashi da faɗuwa da sauri sun fi yawa nesa ba kusa ba.

"Ko ciwonsu ya fi na namu, ko hularsu ta fi tamu jin gulma," in ji ta. "Duba mana, Saley."

Hular ce. Su can wayoyinsu na sauka har kusa da muƙamuƙi, ba su kuma share motsin nama ba, suka zuba shi cikin na ƙwaƙwalwa. Aikin ganin dama dai. Saley ya zauna gyara, fayil bayan fayil.

Ba a sa suna, lamba ce kawai. A na arba'in da bakwai ya ga abin da mai awo ya rubuta: namiji, shekara ashirin da huɗu, bahago, tabo mai kauri bayan kunnen hagu, an matsar da waya. Kwanan watan kuma, sati uku kafin kanal. Saley ya san tabon nan, shi ya yi shi da dutse suna yara, a kan ƙwallo. Bai ma san Chaibou ya shiga wani bincike ba.

An ce wa mai lambar ya rufe ido ya yi shiru minti biyar, amma zanen duk tsinke-tsinke ne, suna tashi suna faɗuwa. Saley ya ce a ransa ga su nan, muryoyin da suka cinye masa ƙane. Sai dai idonsa ya san aikinsa, ƙwaƙwalwa ba ta yin haka. Wannan harshe ne da leɓe ke motsi a rufaffen baki. Ya sa yatsa ya ƙirga. Talatin da uku, numfashi. Talatin da uku, numfashi. Talatin da huɗu, sannan a koma farko.

Inès ta leƙo. "Ka gano?"

"Hayaniyar baki ce, Madame. Ba ta ƙwaƙwalwa ba ce."

Da hannunsa ya goge ta daga awon, don aiki aiki ne, amma ya ji zafinta har cikin ƙashi.

Ranar Talata ce, bai jira Juma'a ba, ya buga wa Inna waya. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Inna, tasbihi yake yi. Chaibou."

"Kai ka ji shi?"

"Ban ji ba, gani na yi. An taɓa yi masa awo, ya nuna."

Ta yi hamdala tana kuka, ta maimaita. Can ta tambaya a hankali, "Ranar ruwan ne?"

"A'a, Inna. Sati uku kafin nan."

"To sauran sati ukun fa?"

Saley ya dubi hular da ke rataye tana bushewa. A sati ukun nan babu wanda ya sa wa Chaibou ita.