Ranar da mijina ya ajiye ɗamara

Mijina mutum ne mai bin umarni har abin yakan ba ni haushi. Na aure shi yana kafaran, wato kofur, a barikin soja na Gure, ni kuwa 'yar 'yan kasuwa ce, daga Damagaram iyayena suka zo suka kafa rumfar atamfa. A gidanmu kowa da bakinsa. In an ce ka yi abu sai ka nemi dalili, a ja magana, a yi cinikinta kamar turmin zane. Sai Allah ya haɗa ni da Babarbaren da in babbansa ya ce ya tsaya a rana, zai tsaya har inuwarsa ta gaji. Na taɓa ce masa da za a aike shi ya share yashin hanyar Gamu, tambayarsa ɗaya ce, daga wane gefe zai fara. Bai yi fushi ba. Ya ci gaba da goge takalminsa, ya ce soja ba ya gardama, shi ya sa ya auro mai yi masa.

Duk da haka ina son sa, kuma ba na ɓoyewa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuwa na ɗaga masa tawa ta ishi bariki guda. Muna zaune a ɗakunan iyalan sojoji, bayan filin fareti, da 'ya'yanmu ƙanana da wani cikin a jikina. Galonsa na kafaran, alamar muƙamin da ke hannun riga, shi ne abincinmu, shi ne rufin da ke kanmu, kuma ni nake wanke rigar in goge ta, don haka nake ganin ina da rabo a ciki.

Mutum ɗaya ne nake gani yana taka mijin nan nawa yadda ya ga dama. Wani tsohon Bafulatani ne daga wajen Alakoss, dogo, siriri, gemunsa fari fat. Duk ranar kasuwa yakan shigo gari da 'yan awakinsa, in ya gama sai ya miƙo bariki kai tsaye, ya wuce mai gadi kamar gidan ubansa ya zo. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa, zagi halal ne, a ƙwace maka hula ka yi dariya. Amma hannu ba ya kaiwa jiki, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Tun daga bakin ƙofa yake fara kira. "Ina bawan nan nawa? Ya fito ya karɓi sandar ubangidansa!"

Mijina ya fito da kakinsa da komai, ya ce, "Kai, wa ya bar wannan ya shigo? Tsoho, kakana ya saye ka da ƙwaryar gero, geron ma mai ƙwari."

"Dubi fuskarka," in ji tsohon, "kaza ce ta yi tono a kai?" Yana nufin zanen Barebari da ke kumatun mijina. Sa'an nan ya juyo gare ni ya sassauta murya. "'Yata, sannu da haƙuri da wannan. Akwai fura?"

Nakan ce, "Akwai, Baffa," in dama masa. Shi kuma ya ajiye mini ɗan man shanu a gora, ya ce in ɓoye kada bawan ya lashe. Haka suke yi shekara da shekaru, tun kafin a kawo ni gidan.

Lokacin nan ƙasa ta shiga maganar dimokuraɗiyya. Rediyo kullum bayanin sabon tsarin mulki take yi da Hausa, wai ba a dukan mutum don ya yi magana, ba a tsare shi sai an kai shi gaban alƙali. Mu matan bariki muna saurara muna daka. Na tsokani mijina na ce, "To kafaran, kun ji, an ɗaure muku hannu." Ya ce shi bai san wannan ba, takarda tana Yamai, babbansa kuwa ga shi nan a ofis yana jiran sa.

A daidai wannan lokaci kuma daji ya lalace. Masu bindiga suna tare motoci a hanya, suna kwashe kaya su ɓace cikin tuddai. Aka turo wani sabon hafsa, litinan, yaro ne ƙarami mai zafin kai, ba ɗan yankin ba. Ya sa a ransa cewa makiyaya ne ke ba mutanen nan ruwa da nono, kuma sun san maɓoyarsu. Wata ranar kasuwa da hantsi ya ba da umarni a je kasuwar dabbobi a kwaso duk wanda aka gani da rawanin daji. Aka ciko mota da su, Fulani da Tubawa da Buzaye, aka zaunar da su a tsakiyar fili cikin rana.

Ina bakin famfo da wanki, ni da wasu mata, kuma daga nan ana ganin filin sarai. Na hango farin gemun Baffa a cikinsu. Litinan ya yi ta tambaya ta bakin tafinta, kowa ya ce bai san komai ba. Sai ya ce a fara da babbansu, a kwantar da shi, a ba shi ɗamara har ya tuna. Ɗamarar soja kuwa mai kauri ce, da ƙarfe a bakinta. Litinan ya waiwaya yana neman wanda zai yi aikin, ya kira wanda kowa ya san ba ya musu. Ya kira mijina.

Na ga mijina ya fito daga layi, ya kwance ɗamararsa, ya naɗe ta a hannu. Tafiyarsa ta kullum yake yi, ba sauri ba sanyi. An riga an janyo tsohon gaba, yana durƙushe, jikinsa yana ɓari. Da ya ɗaga kai ya ga wanda ke zuwa, sai ɓarin ya tsaya. Wallahi dariya ya yi, dariya ta gaske, har da nuna shi da yatsa.

"Ashe bawana ne! Kai, kun ba ni tsoro a banza." Ya tuɓe rigarsa da kansa ya miƙa masa. "Riƙe mini, kada ta yi datti. In ka gama wasan ka kawo mini ruwa, ubangidanka yana jin ƙishi."

Shi a wurinsa magana ta ƙare. Babarbare ba ya dukan Bafulatani, wannan abu ne da ya sani kamar yadda ya san sunan shanunsa. Bai san kaki yana da tasa dokar ba. Wasu sojoji suka fara dariya, suka haɗiye ta da suka ga fuskar litinan.

Mijina ya tsaya, rigar tsohon a hannu ɗaya, ɗamara a ɗayan. Litinan ya daka masa tsawa. Bai motsa ba. Ya sake daka masa. Ni kuwa a bakin famfo, abin da ke raina shi ne: taɓa shi kaɗan mana, ka sassauta hannu, ka yi kamar ka yi, ka tuna da yaran nan. Tsoro ne ya cika ni.

Sai na ga ya sunkuya ya ajiye ɗamarar a ƙasa a hankali. Ya miƙe ya ƙame, ya sara wa litinan yadda ya saba. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma filin ya yi tsit har muka ji.

"Litinan, ba zan iya ba. In ya yi laifi a kai shi wurin alƙali."

Ban taɓa jin kalmar alƙali a bakinsa ba sai ran nan. Ashe yana jin rediyon, shiru kawai yake yi.

Nan take aka riƙe shi aka wuce da shi kaso, wato kurkukun bariki, rigar tsohon tana hannunsa har lokacin, sai da wani ya fizge ta. Litinan ya kira wani soja, baƙo daga nesa, wanda ba shi da wasa da kowa a wurin. Ban kalla ba. Na tsoma hannuwana cikin ruwan wanki na sunkuyar da kai, amma kunne ba ya rufuwa. Na ji lokacin da tsohon ya gane ba wasa ba ne. Kafin la'asar an bi ta kan da yawa daga cikinsu, ba a kuma sami komai ba, bayan 'yan kwanaki aka sake su kowa ya kama hanyar rugarsa.

Mijina ya daɗe a kaso. Da ya fito an cire galon, ba a jima ba aka sallame shi daga aiki gaba ɗaya. Muka kwashe kayanmu a amalanke, matan da muke daka tare suna leƙe ta taga, ba wadda ta iya fitowa. Wani kawunsa ya ba shi gefen lambu a wani kwari bayan gari, inda ruwa ke kusa, akwai dabino da rogo da ɗan albasa. Mutumin da ya saba da bindiga ya koma jan guga.

Ban raga masa ba, ni ba mai ragawa ba ce. Na ce, "To me ka tsinta? An dai doke shi. Bayansa bai tsira ba, galonka bai tsira ba, ga ni zan haihu a bukka." Ya ce, "Haka ne." Ba abin da ya fi ƙona mini rai irin wannan haka ne ɗin nasa, don ba ya barin wurin da za ka kama ka ci gaba da faɗa.

Bayan na haihu, wata rana da safe na kai masa abinci lambu, sai ga tsohon yana gangarowa daga kan tudu. Tafiyarsa ta sauya, yana dafa sanda da hannu biyu. Mijina ya gan shi ya sunkuyar da kai. Tsohon ya zo ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallon sa.

"Bawan banza," ya ce. "An ba ka aiki ɗan ƙanƙane ka kasa. Da kai ka yi, da wannan hannun naka na rago, ai da ko ƙuda ba ka kora mini ba."

Mijina ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Wa zai ɓata ɗamara mai kyau a kan ƙashi? Ba nama a jikinka ko na miya."

Suka yi dariya su biyu, irin wadda hawaye ke bi. Na zuba wa Baffa abincin mijina duka, ya cinye bai rage masa ko loma ba, ya ce bawa sai ya jira. Da zai tafi ya ɗauki jaririyar ya tofa mata addu'a, ya ce Allah ya sa ta yi kama da uwarta.

Da ya hau tudu ya ɓace, na tambayi mijina abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Kafaran," don ban daina kiran sa haka ba, "da ba shi aka fara kwantarwa ba fa? Da Batube ne, ko Buzu, wanda ba ku da wasa?"

Yana riƙe da igiyar guga.

"Da na doke shi," ya ce. "Na san da na doke shi. Wannan ne yake damuna, ba galon ba. Da na ajiye ɗamarar na dubi sauran da ke zaune a rana, ban ga ko ɗaya da ya kamata a taɓa ba. Amma sai da tsohon nan ya yi dariya na iya ganinsu."

Na gyara goyona, na karɓi igiyar daga hannunsa na ja ruwan.