Buroshin da Ɗan Dandi Ya Kawo Mini

Na yi wa mutane aski ba iyaka a rayuwata, yawancinsu ko fuskokinsu ba na tunawa. Amma akwai aski guda da na yi a garin Gaya ta bakin kogi, kan iyakar Dahome, lokacin Nasara yana dab da tafiya, wanda ba zai fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ni wanzami ne, gado na yi. A wancan zamani ina da ƙarfina, ina zama gindin wata tsamiya a bakin kasuwa da tabarmata da zabirata. Abin da mahaifina ya fara koya mini ba riƙon aska ba ne, jiƙa gemu ne. Yakan ce gemu kamar tsoho mai gardama yake, ba a zo masa da ƙarfi, lallashinsa ake yi. Ruwa mai ɗumi za ka fara shafawa, sannan ka gutsuri sabulun salo ka murza a tafin hannu har ya yi kumfa, ka bi da yatsu kana cusawa cikin gashi tun daga saje har haɓa, kana jan mutum da hira har gashin ya yi laushi. In ka yi haka, aska tafiya kawai za ta yi. Ina alfahari da hannuna, wannan ban taɓa ɓoyewa ba.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani ɗan Dandi, sa'ana ne, fataucin gishiri yake yi. Yakan ɗauko daga wajen Bana ya haye kogi da shi zuwa Dahome, lokacin ba a gama gada ba. Duk Juma'ar da ta same shi a gari, wurina zai yi aski kafin masallaci. Ga shi da tsokana. Da ya zauna zai ce, "Wanzam, a hankali, wuyan nan guda gare ni." Ni kuma in ce gemunsa ya sha gishiri ya ƙoshi, shi ya sa yake cinye mini bakin aska. Haka muka yi shekaru.

Sai na daina ganinsa har damina ta shiga ta fita. Ran nan da hantsi, ba ma Juma'a ba, mutane sun watse ina zaune ni kaɗai, sai ga shi ya naɗe rawani har kan hanci. Na miƙa masa hannu, ya dunƙule nasa ya yi mini jinjina daga nesa kamar wani basarake. Ya zauna, ya kwance wani ɗan ƙulli, ya ajiye mini sabuwar aska da wani ɗan buroshi mai gashi lallausa.

"Daga Dahome na saye," in ji shi. "Irin wanga kwamandan Nasara ka aski da shi. Daga yau da shi za ka riƙa sa mini kumfa, kuma ga askata."

Raina ya ɓaci, ban da sanyi a kan sana'ata. Na ce, "Hannun da ya san gemunka tun bai kai na bunsuru ba, yau shi ne bai yi maka ba? Ka hau jirgi ka dawo Nasara ke nan?" Na jira ya rama, bai rama ba. Ya ce, "Yi dai yadda na ce, Wanzam."

Na ce to, bari in yi masa yadda yake so. Na tsoma buroshin a ruwa, na goga a sabulu, na shiga laɓta masa. Ashe ruwan bai daɗe da sauka daga wuta ba, ban surka ba. Da a ce da hannu nake yi, da yatsuna sun gaya mini tun kafin ya kai fuskar mutum, amma buroshi ba ya jin zafi. Sai da ruwan ya gangaro mini a tsintsiyar hannu na zabura. Na dube shi. Mutumin da ko ruwa ya ɗan yi ɗumi sai ya ce zan fige shi kamar kaza, yana zaune shiru, ko ƙifta ido bai yi ba.

Nan na tsaya na kalli fuskarsa sosai. Gashin girarsa ya zube daga gefe. Fatar kunnensa ta yi kauri. Ƙarƙashin saje, inda kumfa ba ta rufe ba, ga wani tabo jaja-jaja kamar an ɗiga manja an goge. Mu wanzamai mun san wannan tabo.

"Ka gani ko?" in ji shi, a hankali.

Na ce na gani.

Ya ce wani likita ne a hayin kogi ya soka masa allura a wurin bai ji ba, ya gaya masa kuturta ce. Tun daga ranar ya ware akushinsa. Yana da 'yar ƙaramar yarinya da ta saba hawa wuyansa tana ja masa gemu, ya ce yanzu in ta rugo sai ya daka mata tsawa, ta koma wurin uwarta tana kuka, ba ta san laifin da ta yi ba. Jibi zai tafi wani gari can maƙwabciyar ƙasar da Ingilishi ke mulki, inda aka ce ana ajiye masu ciwon ana ba su magani. So yake ya bar gida da fuska a gyare.

"In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Kana da ɗiya, Wanzam. Kuma in mutane sunka ji, wa za ya sake ba ka kai nai?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tsoro, ba zan yi ƙarya ba. Na tuna 'ya'yana, na tuna cewa gindin tsamiyar nan shi ne gonata. Amma ga mutum zaune a gabana, rabin fuska kumfa, ya je har wata ƙasa ya sayo abin da zai raba fatarsa da tawa don kada ya cuce ni. Sai na ajiye buroshin a kan tabarma. Na surka ruwan, na murza sabulu a tafina, na ce, "Ni ruwan naka gemun na kawo. Ɗaga haɓa."

Ya janye kai, na riƙe ƙeyarsa. Da yatsuna suka shiga gemunsa sai ya rufe ido, kafaɗunsa suka fara rawa. Hawaye suka riƙa yin hanya cikin kumfar, ina mayarwa suna wankewa. Ban taɓa daɗewa ina jiƙa gemu kamar ranar ba, gashi ya yi laushi tuni amma ban daina ba, shi ma bai ce in daina ba. Can ya ce, "Kuncin nan ba ya jin komi, amma haɓa tana ji. Rabon da wani ya taɓa ni tun kafin shuka."

Na aske shi tas da askar da ya kawo. Ya shafa fuska, ya ce ashe dai na iya. Wannan ce tsokanarsa ta ƙarshe gare ni.

Labari bai ɓuya ba, don kasuwa ido gare ta. Wasu sun ɗauke ƙafa daga wurina, wasu sun dawo daga baya, wasu har abada. Ciwon kuwa Allah bai ɗora mini ba. Shi ne bai dawo ba. Bayan 'yan shekaru wani mai kamyo, wato babbar motar kaya, ya kawo labarin rasuwarsa a can, cikin baƙi, zazzaɓi ne ma ya ɗauke shi. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Abin da na koya shi ne, mai ciwo yana iya hana ka hannunsa saboda ƙaunarka, alhali hannun naka yake bukata fiye da magani. Tun daga nan, in na ga mutum yana ja da baya ba dalili, ba na saurin fushi. Matsowa nake yi in duba, don wataƙila ni yake karewa.