A Ɗakin Likita Ta Ji Ba Ni Na Haife Ta Ba

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jimeta, muna zaune a Makama cikin Yola. Ni mace ce mai saurin baki, ga tsoron abin da mutane za su ce. Allah bai ba ni haihuwa ba, sai ni da maigidana muka ɗauki wata marainiya tun tana wata huɗu, muka rufe zancen ruf. Ta tashi ba ta san wata uwa ba sai ni.

Tana shekara bakwai ta fara ƙirgen dangi. Na shiga uku! Matan unguwa suka sa mu a baki. Na kai ta asibiti, likita ya ce balaga ce ta zo da wuri, akwai allurar wata-wata da ke dakatar da ita. Sai ya tambaye ni a shekara nawa na fara al'ada, don abin yakan bi jini. Wallahi don kawai in wanke dangina, na ce ai ba jinina ba ce, riƙo ne, ko asalinta ba mu sani ba. Tana gefena tana wasa da igiyar jakata. Ina gani hannunta ya tsaya.

Maimakon in zaunar da ita, sai na ce yarinya ce, za ta manta. Duk wata mu hau Keke Napep zuwa allura, ba kuka ba magana, ni kuwa sakarya ina yabon jarumtarta. Wata na biyar, ina mata kitso na ji numfashinta sama-sama. Na ɗaga rigarta, ashe ta ɗaure ƙirjinta tamau da ɗankwalina har fata ta saɓule. Na tambaye ta dalili, ta ce tana tsoron in allurar ba ta yi aiki ba in mayar da ita inda na samo ta. Ta roƙe ni in ƙara mata wata ɗaya.

Na yi kuka, na rantse mata, amma magana zarar bunu ce. Allurar ta yi aiki, ɓarnar bakina ce ba ta gyaru ba, kuma laifin nawa ne. Masu riƙo, ku ji tsoron Allah, yaro yana ji kuma yana riƙewa; ku gaya masa gaskiya a gida cikin lallashi, ku bayyana masa dalilin maganin. Yau ta girma, tana yi mini biyayya, amma ko ruwa na ba ta sai ta yi godiya kamar baƙuwa.