Mantuwar Inna Rabi ta yi mana rana

Ina zaune a shago jiya sai ga Inna Rabi, ƙanwar mahaifiyata, ta sauka daga moto, tun daga Garou. Ta miƙo mini salularta ta ce, "Karanta mini wanga, ni ban jin Faransanci."

Imel ne, da tambarin bankinta. Wai in ba ta tura lambar sirrinta kafin la'asar ba, za a rufe asusunta. Ga kuɗin albasarta na bana duk suna ciki.

Ni ɗan boko har na buɗe wurin rubuta amsa. Na ce, "Inna, faɗi lambar da sauri."

Ta ce, "Wallahi na mance ta."

Ina ta mita muka tafi banki a ba ta wata. Ma'aikaciyar ta duba saƙon ta ce, "Hajiya, ɓarayi ne. Mu ba mu tambayar kowa lambarshi. Kun tura?"

Inna ta dube ni ta fashe da dariya. "Ɗana ya so, kaina ya ƙiya."

Kifi soyayye ta saya mana, muna ci tana ba maƙwabta labari, ni ina sunkuyar da kai.

Allah Ya tsare. Ku ma irin saƙon nan ya taɓa zo muku?