Tseren Motar da Ba Ta da Inji

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, mota biyu ne a zuriyar mijina, duka ƙanana ƙirar Japan, masu ƙofa biyu da ta baya. Ta maigidana tsohuwa ce ja, tun ta zamanin da yake saurayi. Ta ƙaninsa, dillalin kifi a kasuwar Yelwa, fara ce ’yar Kwatano, mai ƙara kamar ana yaga sabon yadi.

Tamu ba ta da inji. Ni da shi kaɗai muka sani, sai mai jirgin ruwan da ya saya ya ɗaura wa jirginsa, lokacin da haihuwa ta zo mini da gardama aka yi mini aiki. Maigida ya fi son a ce ya haukace da a ce ya tsiyace. Sai ya rufe ta da tabarma, ya shiga gaya wa mutane wai tsohuwar motar Japan ajiye ta ake yi, duk juyin taya yana rage mata daraja. Kullum da safe sai ya goge ta. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, don zabina ma ya hana su kwana a ƙarƙashinta.

Ƙanin nan bakinsa bai da linzami. Ranar wani suna, a gaban jama’a, ya ce, “Yaya, wagga taka mota ce ko tukunyar ado? Mu tahi Warra ran kasuwa. In na riga ka, in buɗe gabanta kowa shi gani.”

Maigida ya ce, “Na yarda. Amma ba a ce ta wace hanya ba.”

Ranar kasuwa ƙarti takwas suka tura ta bakin ruwa, suka hau da ita kan katako cikin babban jirgin nan mai ɗaukar shanu. Maigida ya shiga mazaunin direba, ya riƙe sitiyari, ya sa ni a gefensa. Bijimi yana leƙo mu ta taga, buhunan albasa a bayanmu. In jirgi zai sha kwana, har hannu yake fitarwa ta taga yana ba da alama.

Damina ce, hanya ta lalace. Mun ci tuwo mun yi sallar azahar a Warra kafin farar mota ta iso, laka har gilashi. Masunta suka yi ta shewa. Wasu suka ce ai ha’inci ne, wani tsoho ya ce mota dai ta zo, kuma tayarta ko ƙura babu, darajarta tana nan.

Ƙanin ya ɗora hannu a kan murfin gaban motarmu. Ya shafa, ya ce, “Tsohuwa ta hi sabuwa, Yaya. Na sallama.”

Da za mu koma, ya matso kusa da ni yana goge laka. Na ce, “Mai baki, ina gudun naka?”

Ya ce, “Matar Yaya, da injin motagga taku na koyi tuƙi. Shekara biyu ina jin muryatai bisa ruwa. Awa guda na yi gindin wata tsamiya ina jiran ku isa.”